Nufin Marubuci Yana Cikin Rubutunsa, Can Ya Kamata A Neme Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta daɗe tana raba kan malaman adabi da ɗalibansu, wadda a 'yan shekarun nan ta fito daga azuzuwan jami'a ta shiga tarukan marubuta da hirar masu karatu. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne, idan aka karanta waƙa ko ƙagaggen labari, wane ne ke da ikon yanke hukunci a kan abin da ake nufi? Wani ɓangare na cewa zance na mai shi ne, don haka a je a tambayi marubucin, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Ɗaya ɓangaren na cewa marubuci ya mutu tun ranar da ya ajiye alƙalami, saboda haka kowane mai karatu yana da 'yancin fitar da ma'anar da ta kwanta masa a rai. Daga nan ne ake zarcewa zuwa tambaya ta biyu, wato ko ra'o'in tarken adabi da ake ɗora wa ɗalibai, wato tsararrun hanyoyin nazari da masana suka shimfiɗa, suna da wani amfani, ko kuwa ɓata lokaci ne kawai. Ni dai a ganina nufin marubuci yana nan daram, babu kuma karatun kirki da zai yiwu ba tare da an neme shi ba, sai dai wurin nemansa shi ne cikin rubutun da yanayin da ya haife shi, ba bakin marubucin bayan ya gama ba.

Yana da kyau a fara komawa ga abin da masu maganar suka rubuta da hannunsu, domin da yawa daga cikin masu kafa hujja da su a yau sunayensu kawai suka ji. A shekarar 1946 wasu malamai biyu 'yan Amurka, W. K. Wimsatt masanin adabi da Monroe Beardsley masanin falsafa, sun buga wata maƙala inda suka ce kuskure ne a auna nasarar waƙa da niyyar mawaƙinta. Hujjarsu a fili take. Idan mawaƙi ya dace da sanya abin da yake nufi a cikin waƙar, to ga waƙar nan a hannunmu, ba sai mun je ƙofar gidansa ba. Idan kuwa bai dace ba, to bayanin da zai yi mana da baki wani abu ne dabam da ba ya cikin baitocin, kuma babu dalilin yaba wa waƙa a kan abin da ba ta ƙunsa ba. Sun yi wannan magana ne a lokacin da nazarin adabi a ƙasashensu ya karkata ƙwarai ga tarihin rayuwar marubuta, har ya zama ana iya cika littafi da labarin auren mawaƙi da bashin da ake binsa da ciwon da ya yi ajalinsa, ba a tsaya an dubi yadda ya gina baiti ɗaya ba. Gyara suka zo yi, gyaran kuma yana kan hanya. Ba su ce waƙa za ta ɗauki kowace irin fassara ba. Sun ma dage cewa hujja tana cikin kalmomin da yadda masu harshen suke amfani da su, abin da kowa zai iya dubawa ya tabbatar.

Wanda ya kai maganar maƙura shi ne Roland Barthes na Faransa, a gajeriyar maƙalarsa kan mutuwar marubuci, wadda ta fara fitowa da Turanci a 1967, sannan da Faransanci a 1968. Shi a wurinsa rubutu saƙa ce ta maganganun da suka riga suka gabata, harshe ne ke magana ta hannun mai rubutu, jingina rubutu ga marubuci kuwa hanya ce ta ƙulle shi a kan ma'ana ɗaya tak. Ya rufe da cewa mai karatu ba zai samu rayuwa ba sai marubuci ya mutu. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa ɗaukaka marubuci a matsayin mai wata baiwa ta musamman sabon abu ne da Turai ta zo da shi, domin a al'ummomin gargajiya mai ba da labari isar da shi kawai yake yi, ana yaba masa iya faɗa, ba a cewa shi ya ƙaga. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya da dare zai amince da rabin wannan zance, don babu yaron da ya taɓa tambayar kakarsa wa ya ƙirƙiro Gizo da Ƙoƙi, rashin sanin kuma bai rage wa tatsuniyar komai ba. Amma ɗaya rabin bai yi daidai da tarihinmu ba. Marubuta waƙoƙinmu na ajami, tun kafin zuwan boko, suna da al'adar ambaton sunansu a baitocin ƙarshe, su saka shekarar kammalawa ta hanyar ramzi, wato da haruffa maimakon lambobi, su roƙi mai karatu ya yi musu addu'a, wani lokaci ma su ce duk wanda ya ga kuskure ya gyara. Mutumin da ya yi haka ya ɗauki nauyin maganarsa a gaban Allah da gaban jama'a, kuma ba daga Turai ya koyo wannan ba.

Babu abin da ya fi fito da wannan mas'ala fili a wurin Bahaushe kamar habaici. A ɗauki wasu baitoci da ake rerawa wajen daka, a kan wata mai tuwo da gudaji, mai miyar da ba ta jin gishiri. Idan ƙaramar yarinya ce ta jiyo su a gidan biki ta dawo tana maimaitawa ita kaɗai a bayan ɗaki, waƙa ce kurum, babu wanda zai ɗaga kai. Amma idan uwargida ce ke rerawa a bakin turmi, jiya kuwa girkin amarya ne maigida ya ture kwano bai ci ba, sannan ta ƙara ɗaga murya daidai lokacin da amaryar ta fito ɗibar ruwa a randa, to kowa a gidan ya san an yi magana, ya kuma san da wa ake. Kalmomin ba su canza ko harafi ɗaya ba, nufin mai rerawa ne ya mayar da su habaici. Wanda ya ce a manta da mai magana a dubi kalmomi kaɗai ba zai iya bambance waƙar yarinyar da ta uwargidan ba. Sai dai a lura da yadda mutanen gidan suka gano nufin. Ba tambayarta suka yi ba, domin da an tambaye ta cewa za ta yi ita waƙarta take yi, ba ta kama sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Sun gano shi ne daga zaɓin baitin, da lokacin da aka rera shi, da abin da ya faru jiya, da wadda ke kusa tana ji. Ke nan furucin mai habaici a kan habaicinsa shi ne mafi rauni a cikin dukan shaidun, alhali kuwa nufinsa ne ake nema tun farko.

Haka abin yake a waƙoƙin fada. Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, suna yi wa 'yan sarki masu hanƙoron gado zambo ba tare da kama suna ba, sai dai a siffanta tafiyar mutum ko rowarsa, ko a kira shi da sunan wata dabba. Mutanen fada na lokacin suna ji suna ganewa, wanda aka yi dominsa ma ya fi kowa ganewa. Mai sauraro na yau da bai san wa da wa suka nemi sarautar ba zai ji daɗin kiɗan da azancin, amma wani sashe na waƙar ya wuce shi, 'yancinsa na mai sauraro kuma ba zai cike masa wannan gurbi ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsara wannan lamari a babin saki, inda suka raba lafazi zuwa sarihi da kinaya. Wanda ya furta saki da lafazi bayyananne ba zai zo gaban alƙali ya ce wani abu dabam yake nufi a karɓa masa ba, domin kalmar ta riga ta ɗaure shi. Wanda kuwa ya yi amfani da ɓoyayyar kinaya, kamar ya ce wa matarsa ta tafi, shi ne ake komawa ga niyyarsa, a kuma dubi halin da aka yi maganar a ciki. Ba na kawo wannan ne don in daidaita hukuncin shari'a da sharhin waƙa ba. Abin da nake so a gani shi ne tunanin da ke ƙarƙashinsa, wato niyya tana da matsayinta, amma ba ta da ikon rushe abin da lafazi ya faɗa ƙarara, sai inda lafazi ya ɗauki fuska biyu ake neman taimakonta. Marubucin da ya ci mutuncin wata ƙabila ɓaro-ɓaro a littafinsa, da aka tuhume shi ya ce ai zaman lafiya yake nufi, da wannan ma'auni za a auna shi.

A 1982 wasu Amurkawa biyu, Steven Knapp da Walter Benn Michaels, sun kawo wani misali da har yau ake tattaunawa. Suka ce a ƙaddara mutum yana tafiya a bakin teku sai ya ga baitin waƙa a rubuce a kan yashi, babu shakka zai ɗauka wani ne ya rubuta. Yana tsaye sai igiyar ruwa ta zo ta koma, ta bar baiti na biyu a ƙarƙashin na farko. Yanzu dole ya zaɓi ɗayan biyu, ko ya yarda akwai wani mai nufi a bayan abin ko da ba ya ganinsa, ko kuwa ya yarda cewa zane-zanen nan kama da kalmomi kawai suka yi, ba magana ba ce. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari, domin da zarar mun kira abu magana mun riga mun ɗauka akwai mai yin ta. Inda na rabu da su shi ne da suka ce tunda haka ne, sai a daina aikin ra'i baki ɗaya. Sanin cewa akwai nufi a bayan kowane rubutu bai gaya wa ɗalibi yadda zai kai gare shi ba, kuma a kan hanyar kaiwar ne ake bukatar ilimi.

Masu cewa a je a tambayi marubuci kuwa, ina tuna musu da Mutanabbi, babban mawaƙin Larabawa da ya rasu a 965. Yana da wani sanannen baiti da yake cewa shi barcinsa yake yi hankali kwance, mutane kuwa suna kwana ido biyu suna jayayya a kan kalmominsa. An kuma ruwaito cewa idan aka tambaye shi wani wuri mai sarƙaƙiya a waƙarsa, yakan tura mai tambayar wurin abokinsa Ibn Jinni masanin nahawu, ya ce ya fi shi sanin waƙar. Marubuci ɗan Adam ne, yana mantuwa, yana canza ra'ayi, yana jin tsoron hukuma ko kunyar surukai, kuma sau da yawa abin da zai faɗa bayan shekara 20 fassarar dattijo ce a kan aikin saurayi. A saurare shi da girmamawa a matsayin shaida, sannan a gwada abin da ya faɗa da abin da ya rubuta.

Wanda ya fi taimaka mini wajen warware ƙullin shi ne E. D. Hirsch, wanda a littafinsa na 1967 ya bambance tsakanin ma'anar da marubuci ya gina a cikin rubutu, wadda ba ta canzawa, da abin da rubutun ke zama ga masu karatu a zamuna daban-daban, wanda kullum yake canzawa. Muna da misali a gida. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya yi aiki da jam'iyyar NCNC a Legas, ya dawo Arewa, daga baya ya kasance cikin jagororin NEPU, jam'iyyar da ta fi kowace tsayawa a kan zaluncin da ake yi wa talaka a ƙarƙashin En'e. Amma a waƙarsa ta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", wadda ya yi a wajajen 1950, mulukiya ya zaɓa, yana jan kunnen sarakuna su gyara mulkinsu tun kafin guguwar siyasa ta tafi da su, yana kuma faɗakar da Arewa kada ta faɗa ƙarƙashin rinjayen Kudu. Na ji masu ɗaukar waƙar a matsayin goyon bayan sarauta ba tare da sharaɗi ba, na kuma ji waɗanda, saboda sun san tarihin gwagwarmayar mutumin, suke cewa gaba ɗayanta gatse ne. Na farko rabin waƙar suka karanta, na biyu kuwa sun ajiye waƙar sun karanta tarihin rayuwar mai ita. Abin da Zungur ya nufa a wancan lokaci, ana tunkarar 'yancin kai Arewa kuma tana baya a ilimin boko, abu ne da za a iya kusanta ta bin baitocin ɗaya bayan ɗaya tare da siyasar shekarun. Abin da waƙar ta zama ga wanda ya karanta ta bayan Nijeriya ta koma jamhuriya a 1963, ko bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya raba sarakuna da ragowar ikon gudanar da mulki, wani abu ne dabam, kuma babu laifi a tattauna shi, muddin ba a sa shi a bakin Zungur ba.

Wannan ba ya nufin kyakkyawar niyya tana wanke rubutu. Joseph Conrad ya je Kwango a 1890, ya ga ta'asar da ake yi a ƙarƙashin Sarki Leopold na Beljiyam, labarin da ya rubuta a kan wannan ƙasa, wanda ya fara fitowa a 1899, ya daɗe ana karanta shi a matsayin tonon asirin mulkin mallaka. A 1975 Chinua Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya nuna cewa a cikin labarin an hana baƙar fata harshe da mutunci, an mayar da nahiya guda fagen da za a nuna yadda hankalin wani Bature ya gushe. Achebe bai ce marubucin ya mutu ba, kama shi ma ya yi da laifi, hujjarsa kuwa jimlolin Conrad ne da kansu. Abin da marubuci ya ɗauka tabbas ne har bai ga bukatar faɗarsa ba, shi ma yana shiga rubutu, kuma sau da yawa sai wani na waje ne ke iya ganinsa.

A nan ne amfanin ra'i yake, shi ya sa ba na tare da masu cewa a watsar da shi. Ra'i mai kyau yana koya wa mai karatu tambayoyin da ba za su zo masa da kansu ba: wa ke magana a wannan shafi, wa aka hana magana, me aka tsallake, wa zai amfana idan aka yarda da yadda aka tsara labarin. Ilimin ginin labari ne ya koya mana bambance marubuci da mai ba da labari da tauraron da ke ciki, rashin wannan bambancewa kuwa ya cutar da marubutanmu da yawa, musamman mata marubuta littattafan Kano tun daga shekarun 1980, waɗanda ake ɗaukar maganar wata fitsararriya a labari a ce ra'ayin marubuciyar ke nan, ko ma a ce tarihinta ne ta ba da. Haka kuma tambayar da Michel Foucault ya yi a laccarsa ta 1969, cewa me ake nufi da marubuci, tana da wurin zama a adabinmu. Waƙar "Tabbat Haƙiƙa" Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗangwaye, ma'ana layuka, har suka cika biyar. Ɗalibin da ke riƙe da ita a yau yana riƙe da aikin hannu uku, kuma ba zai iya maganar nufin mawaƙi ba sai ya san wane ɗango na wane ne. Wanda bai taɓa jin an tuhumi kalmar marubuci ba, da wuya wannan tambaya ta faɗo masa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake amfani da ra'in a kundayen ɗalibanmu. Na sha buɗe kundi in tarar da sashe mai taken ra'in da aka ɗora bincike a kai, shafi biyu ko uku, an jero sunan wanda ya ƙirƙiro shi da shekara da ƙasa, yawanci an kwafo daga wani kundin da ya gabata har da kurakuran rubutunsa. Da an shiga babi na huɗu, inda ainihin nazarin yake, sai ra'in ya ɓace, a koma jigo da salo da zubi da tsari kamar ba a taɓa ambatonsa ba. A ɗaya gefen kuma akwai ɗalibin da zai ɗauki wayarsa ya je wurin mawaƙi, ya tambaye shi me yake nufi da baiti kaza, ya naɗi amsar, ya rubuta ta a matsayin sakamakon bincike, ko da baitin da ke gabansa yana faɗin akasin haka. Laifin ba na yaran ba ne. An nuna musu cewa ba za a karɓi aiki ba sai da sunan wani ra'i a sama, ba a kuma zauna da su an karanta waƙa ɗaya tun daga basmala har tammat ba.

Don haka ina kira ga malamai 'yan'uwana da a bar ɗalibi ya fara da rubutun da zai nazarta, ya gano matsalar da ke ciki, sannan ya nemi ra'in da zai taimaka masa, idan kuwa babu bukata kada a tilasta masa. A fassara waɗannan gajerun maƙalu zuwa Hausa, domin yaro ya karanta hujjar Barthes da kansa ya ga inda ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni, maimakon ya haddace jimla ɗaya daga cikinta. A kuma koyar da su tare da abin da ke hannunmu tun da, kamar bayanin Abdulƙahir Aljurjani na ƙarni na 11 a kan yadda mai magana ke ƙulla kalmomi gwargwadon abin da yake nufi, da yadda ma'ana ke kai mutum ga wata ma'anar, irin a ce wane mai yawan toka ne ana nufin mai yawan ciyar da baƙi. Hanyoyin nazari da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa rubutacciyar waƙa, da waɗanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa waƙar baka, su ma ra'i ne, kuma sun cancanci a yi muhawara da su kamar yadda ake yi da na Turai.

Akwai kuma wani aiki da ba ya jira. Dattawan da suka zauna a fadoji lokacin da ake rera waƙoƙin nan, waɗanda suka san wa aka yi wa wane zambo da rikicin da ya jawo shi, suna ƙarewa, abin da ke kansu kuma ba ya cikin kaset. Ina roƙon sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojinmu su tura ɗalibai su naɗo bayanansu, a ji daga mutum fiye da ɗaya a kan kowace waƙa domin a gwada ruwayoyin da juna. Ina kuma roƙon jaridarka, ya Edita, ta ware wani fili ko da sau ɗaya ne a wata, inda za a ɗauki waƙa guda a yi mata sharhi baiti bayan baiti, a kuma buga martanin duk wanda ya ga an kauce, da sharaɗin ya kawo hujjarsa daga cikin waƙar ko daga tarihin da aka yi ta a ciki.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin adabin Hausa, daga Funtuwa.